Shin da gaske ne gwamnatin Amurka tana biyan manoma don su bar gonakinsu ba noma?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya: "Na ji ana cewa a Amurka gwamnati tana ba manomi kuɗi duk shekara don ya bar gonarsa ta huta, alhali a wasu ƙasashe mutane suna kwana da yunwa. Shin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, mece ce hikimar yin haka, kuma me ya hana a yi mana irinsa a nan inda ƙasar noma ta gaji?"

Malam, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai yadda ake faɗarsa a bakin jama'a yana ɓoye ainihin abin. Gwamnatin Amurka ba kyauta take ba manomi don ya zauna a inuwa ba, hayar gonarsa take yi. Tana karɓar wani yanki na gonar na tsawon shekara goma zuwa goma sha biyar, tana biyan kuɗin haya kowace shekara, sa'annan ta ɗora wa mai gonar aikin shuka ciyawa ko itatuwa a wurin da kula da su har wa'adin ya cika. Idan ka riƙe wannan kalma ta haya, za ka fahimci amfanin shirin, kuma za ka fahimci rauninsa, domin duk abin da aka karɓa haya wata rana yana komawa hannun mai shi, ya yi yadda ya ga dama da abinsa.

Shirin da ake magana a kansa sunansa Conservation Reserve Program, amma kowa CRP yake ce masa. An kafa shi ne a cikin dokar noma ta 1985, wadda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu a watan Disambar wannan shekara, kuma hukumar FSA da ke ƙarƙashin ma'aikatar noma ta tarayya ce take gudanar da shi. A shekarar 2007, lokacin da ya kai ƙololuwarsa, akwai eka miliyan 36.8 a cikinsa, wato kusan hekta miliyan 15, wanda ya ninka faɗin jihar Kano sau bakwai. Kuɗin da yake ci a shekara yana kusa da dala biliyan biyu.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba a wayi gari haka kawai gwamnati ta fara hayar gonaki ba. A farkon ƙarni na ashirin manoma sun shiga manyan filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar, a Kansas da Oklahoma da Texas da Colorado da New Mexico, suka kife ciyawar asali da garma suka shuka alkama, musamman lokacin yaƙin duniya na farko da alkama ta yi tsada. Ciyawar nan ita ce take riƙe da ƙasar da saiwoyinta. Da fari ya zo a shekarun 1930, alkama ta ƙone, ciyawa kuma babu, sai iska ta riƙa kwashe saman gonaki tana tashi da shi sama. A ranar Lahadi 14 ga Afrilu 1935 guguwar ƙura ta mai da rana dare a yankin, har ana kiran ranar da baƙar Lahadi. Ƙurar takan yi tafiya har birnin Washington, kuma ana ba da labarin cewa masanin ƙasa Hugh Bennett yana cikin yi wa 'yan majalisa bayani ne sararin birnin ya turnuƙe, ya nuna musu taga ya ce ga abin da yake faɗa. A watan Afrilun nan aka kafa hukumar kare ƙasar noma, shi ne kuma ya shugabance ta.

Wannan shi ne rabin labarin da ake son faɗa. Ɗaya rabin kuwa shi ne rarar amfanin gona. Tun a 1933, a ƙarƙashin Shugaba Franklin Roosevelt, gwamnati ta fara biyan manoma don su rage noma, domin farashi ya faɗi warwas. A shekarar aka kife kusan eka miliyan goma na audugar da ta riga ta tsiro, aka yanka aladu kusan miliyan shida, a daidai lokacin da talakawa suke layin karɓar abinci. A watan Janairun 1936 kotun ƙoli ta soke wannan doka, sai majalisa ta yi dabara ta fito da wata a cikin 'yan makonni, wadda take biyan manomi idan ya bar shukar da ke gajiyar da ƙasa ya koma wa ciyawa da dangin wake. Shukokin da aka lissafa a matsayin masu gajiyar da ƙasa kuwa su ne dai waɗanda suka yi yawa a kasuwa, wato alkama da masara da auduga. Tun daga nan manufofin biyu suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai: kare ƙasa da kuma ɗaga farashi. An sake yin irin wannan shiri a 1956, ya haura eka miliyan 28 a 1960, sa'annan ya shuɗe. A shekarun 1970, bayan Tarayyar Sobiyet ta sayi hatsi mai ɗimbin yawa a 1972, sakataren noma Earl Butz ya riƙa kiran manoma da su nome gonakinsu daga shinge zuwa shinge, aka sake kife yawancin filayen da aka biya kuɗi aka mayar ciyawa. Da kasuwa ta sake faɗuwa a farkon shekarun 1980, bashi ya riƙa cinye gonaki, rumbunan gwamnati suka cika, sai aka haifi CRP. Na kawo wannan tarihi ne don ka lura cewa sau da yawa idan ƙasar ta tuna da hutar da gona, to hatsi ne ya yi mata yawa.

Yanzu bari mu bi manomi guda mu ga yadda abin yake gudana. A ce wani manomi a yammacin Kansas yana da wani ɓangare na gona mai yashi, wanda iska take kwasa duk bazara, alkamarsa kuma ba ta cika mayar da kuɗin iri da taki da man tarakta ba. Idan gwamnati ta buɗe lokacin rajista, sai ya je ofishin FSA na gundumarsa. Ma'aikaci zai buɗe taswirar gonar a kwamfuta, ya duba ko filin ya cancanta: dole ya kasance an noma shi aƙalla shekara huɗu cikin shekaru shida da doka ta ayyana, dole kuma mutumin ya mallake shi ko ya kasance yana noma shi na aƙalla shekara guda, domin kada wani ya sayi daji jiya ya zo yau ya ce gona ce. Daga nan za a duba nau'in ƙasar da ke filin, a haɗa da matsakaicin kuɗin hayar gona a gundumar, a fitar da iyakar abin da gwamnati za ta iya biya a kowace eka. Manomin ne zai faɗi nawa yake so, kuma yana iya neman ƙasa da wannan iyaka don ya ƙara wa kansa damar shiga.

A nan ne hikimar tsarin take, domin ba duk wanda ya nema ake ɗauka ba. Kowane tayi ana ba shi maki bisa abubuwa shida: amfaninsa ga namun daji da tsuntsaye, amfaninsa ga tsabtar ruwa, yawan zaizayar da zai hana, ko amfanin zai ɗore bayan wa'adi, tsabtar iska, da kuma tsadarsa. Wanda ya yi alkawarin shuka ciyawa iri-iri ta asalin yankin haɗe da furanni ya fi wanda zai watsa iri guda maki, wanda kuma ya rage farashinsa ya fi wanda ya nemi iyaka. Ana tara tayin duk ƙasar a jera, a ja layi, na sama su shiga, na ƙasa su jira wani zagaye. Ba haka aka fara ba. A shekarun farko an fi damuwa da a cika adadin eka, manoma kuma ba su daɗe ba suka gano iyakar farashin da gwamnati take karɓa a yankinsu, sai kowa ya riƙa rubuta wannan adadi, har ta kai a wasu busassun gundumomi gwamnati tana biyan fiye da abin da maƙwabci zai biya don ya noma filin. Bayan dokar noma ta 1990 ne aka shigo da tsarin maki don a gyara wannan ɓaraka.

Idan aka karɓi tayin manominmu, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zai gyara filin, ya sayi irin da aka amince, ya shuka, gwamnati kuma ta mayar masa da har rabin abin da ya kashe. Ciyayin da ake shukawa a yankin dogaye ne masu zurfin saiwa, ɗaya daga cikin fitattunsu ma ɗan'uwan gambar da muke yin zana da ita ne, jinsinsu guda a wurin masana tsirrai. Shekara biyu ko uku na farko filin ba ya da kyan gani, domin ciyawar tana aikin saiwa ne a ƙasa yayin da ciyayin banza suke cika sama, kuma wajibi ne mai gona ya yaƙe su don kada su addabi maƙwabta. A tsakiyar wa'adi ana buƙatar ya sake taɓa filin, ko da ƙuna mai tsari ko da ɗan kaftu, don kada ciyawar ta tsufa ta cushe. Ba ya shuka hatsi a wurin, ba ya gini, ba ya yankan ciyawa a lokacin da tsuntsaye suke kwanci, kiwo da yankan harawa kuwa sai bisa sharuɗɗa, ko kuma idan fari ya tsananta aka ba da izinin gaggawa. Idan ya karya yarjejeniya ya huɗe filin kafin lokaci, zai mayar da kuɗin da ya karɓa da kuɗin ruwa a kai, ga kuma tara.

Kuɗin haya yana bin darajar ƙasa. A jihar Iowa mai baƙar ƙasar masara yakan haura dala 200 a eka, yayin da a busassun yankunan Texas da Montana sau da yawa ba ya kai dala 50. Mutum guda ba ya karɓar fiye da dala 50,000 a shekara, kuma dokar noma ta 2018 ta ƙayyade cewa haya ba za ta wuce kashi 85 cikin ɗari na matsakaicin hayar gunduma ba a rajistar gama-gari, wato wadda ake gasa da maki, domin matasan manoma sun yi ƙorafin cewa gwamnati tana yi musu kishiya a kasuwar hayar gona. Akwai kuma ƙa'idar da ta hana a saka fiye da kashi 25 cikin ɗari na gonakin gunduma guda, sai da izini na musamman. Wannan ƙa'ida darasi ce daga shirin 1956, lokacin da ake karɓar gona sukutum, mai ita ya rufe gida ya koma birni, mai sayar da taki da mai gyaran tarakta da mai awon hatsi su rasa ciniki. Binciken da sashen nazarin tattalin arziki na ma'aikatar noma ya fitar a 2004 ya nuna cewa CRP bai kori jama'a daga karkara ba kamar yadda ake zargi, kuma raguwar ayyukan da aka gani a wasu gundumomi ba ta ɗore ba.

Game da ko shirin ya yi amfani, babu mai gardamar cewa ƙasar da ciyawa ta rufe ba ta zaizayewa kamar wadda ake kifewa duk shekara. Ƙididdigar gwamnati ta nuna cewa ƙasar da ruwa da iska suke kwashewa daga gonakin Amurka ta ragu daga kusan tan biliyan 3 a 1982 zuwa kusan tan biliyan 1.7 a 2007. Ba CRP kaɗai ya yi wannan aiki ba, kuma zalunci ne a ba shi ladan duka, domin a lokacin ne noman da ba a huɗa ya yaɗu, kuma dokar 1985 ɗin ta zo da wani sharaɗi mai ƙarfi wanda ba a cika ambatonsa ba: duk mai noma ƙasa mai saurin zaizaya dole ya bi tsarin kare ta, in ba haka ba ya rasa sauran tallafin gwamnati. Tsuntsaye ma sun amfana ƙwarai, musamman agwagin daji da ke ƙyanƙyasa a tafkunan jihohin Dakota biyu, shi ya sa ƙungiyoyin mafarauta suke cikin manyan masu kare shirin a majalisa.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Daga 2005 zuwa 2012 farashin masara ya ninka fiye da sau uku, saboda dokokin da suka tilasta haɗa man da ake tatsa daga masara a cikin fetur, da buƙatar kasuwar duniya, da kuma farin 2012. Manomin da yake karɓar hayar da aka ƙulla shekara goma da suka wuce ya duba gonar maƙwabcinsa ya yi lissafi, da wa'adinsa ya cika sai ya sa garma. Ita ma majalisa ta bi sahu, ta rage iyakar filin shirin zuwa eka miliyan 32 a dokar 2008, sa'annan zuwa miliyan 24 a dokar 2014. Kafin 2020 abin da ya rage bai fi wajen eka miliyan 22 ba. Saiwar da ta yi shekara goma tana ginuwa, da takin da ya taru a ƙasa, da sheƙar tsuntsaye, duk suna iya tafiya a damina biyu ko uku. A ganina wannan shi ne babban aibin shirin, kuma ba aibin manoma ba ne, domin ba su karya alkawari ba, wa'adi ne ya cika. Al'umma ta biya kuɗin shekara goma, ta sami amfanin shekara goma.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafe guda biyu da ya kamata ka sani. Na farko shi ne, idan aka janye gonaki da yawa farashi yakan ɗan tashi, wani kuma a wani wuri ya sare sabon fili. Masanin tattalin arziki JunJie Wu ya ƙiyasta a 2000 cewa a duk eka ɗari da aka saka a shirin ana buɗe sabuwar eka wajen ashirin, ko da yake wasu masana sun ƙalubalanci hanyar lissafinsa. Na biyu ya fi taɓa zuciya, wato makomar wanda yake noma gonar da ba tasa ba. A shekarun 1930 masu manyan gonakin auduga a kudancin ƙasar sun karɓi kuɗin rage noma suka sallami masu noman raba-daidai, baƙaƙe da farare, abin da ya sa aka kafa ƙungiyar manoma 'yan haya a Arkansas a 1934. Dokokin yanzu sun tanadi cewa ɗan haya yana da haƙƙi a cikin kuɗin, amma har yau dattijon da ya gaji da noma yana iya ganin ya fi masa sauƙi ya ba gwamnati gonarsa da ya ba wani saurayi. Don haka ne dokar 2008 ta ƙirƙiro ƙarin kuɗin shekara biyu ga mai gonar da ya miƙa filinsa ga sabon manomi bayan wa'adi.

Abin da shekaru suka koya wa masu shirin shi ne cewa inda aka sa ciyawar ya fi yawanta muhimmanci. Tun 1996 aka buɗe wata ƙofa wadda ba a jiran lokacin rajista, ba a kuma gasa, don ƙananan wurare masu babban tasiri: bakin rafi, hanyar da ruwa yake bi a tsakiyar gona, layin itatuwan tare iska, da fadamun da aka taɓa busarwa. Masu bincike a jami'ar jihar Iowa sun gwada shuka siraran layukan ciyawar asali a gicciye cikin gonar masara da waken suya mai gangara, suka ga cewa idan aka ba ciyawa kashi goma cikin ɗari na filin, ƙasar da ruwa yake fitarwa tana raguwa da kusan kashi 95 cikin ɗari. Dokar 2018 ta shigar da wannan dabara cikin CRP. Ka ga a nan manomi bai bar noma ba, kashi tara cikin goma na gonarsa yana nan yana ba da hatsi. Haka kuma wani babban kaso na shirin a yau filayen kiwo ne da ake biyan ɗan kuɗi kaɗan don kada a kife su, dabbobi kuma suna ci gaba da kiwo a kansu.

Ba Amurka kaɗai ta bi wannan hanya ba. Tarayyar Turai ta tilasta wa manyan manoma ajiye kashi 15 cikin ɗari na gonakin hatsi a 1992 saboda rarar da ta yi mata katutu, ta kuma yi watsi da tsarin a 2008 da abinci ya yi tsada. Ƙasar Sin kuwa, bayan ambaliyar kogin Yangtze ta 1998, ta fara a 1999 biyan manoman tsaunuka don su mayar da gonaki masu tsananin gangara daji, kuma da farko da hatsi take biya, kilo 2,250 a hekta a yankin Yangtze da kilo 1,500 a yankin Rawayen Kogi, tare da ɗan kuɗi. Wannan ya fi kusa da halinmu, domin gwamnatin ta gane cewa ƙaramin manomi abincin gidansa yake nomawa, kuma ba zai saki gona ba sai an cika masa rumbu. Amma ita ma ta iya yin haka ne saboda a lokacin rumbunanta a cike suke.

Wannan ya kawo mu ƙarshen tambayarka. Hutar da gona ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kakanninmu sun san saura, suna barin gona shekaru ta farfaɗo su koma wata. Yawan jama'a da rabon gado ne suka cinye wannan al'ada, har ta kai a kewayen Kano an yi zuriya da zuriya ana noma gona guda kowace damina, ana riƙe ta da takin gida da ake kaiwa a mangala a kan jaki. Matsakaiciyar gona a Amurka ta haura eka 460, mai ita yana iya cire eka hamsin bai ji a jikinsa ba. Magidancin da yake da hekta ɗaya ko biyu, da baki goma a gida, idan ya ajiye gonarsa shekara goma dole kuɗin da za a ba shi ya sayi geron shekara a farashin watan Agusta, kuma ya zo a kan lokaci kowace shekara ba fashi. Ƙari a kan haka, CRP yana tsaye ne a kan abubuwan da ba a ganinsu: taswirar da ta nuna iyakar kowace gona da nau'in ƙasarta, tarihin abin da aka shuka a kowane fili, takardar mallaka, ofishi a kusan kowace gunduma, da amanar cewa gwamnatin da za ta zo za ta biya alkawarin wadda ta wuce. Inda gona take hannun mutum ta hanyar gado da ba a raba ba, ko aro, ko jingina, tambayar wa za a biya kaɗai ta isa ta haddasa shari'a. Kuma filin da aka bari da ciyawa shekara goma a ƙasar da makiyaya suke neman abin da dabbobinsu za su ci, sai an yi shawara da su tun farko, in ba haka ba an shuka rigima.

Saboda haka ni ba na ganin kwafo CRP yadda yake zai yi mana amfani. Ƙasar da take da rarar hatsi tana iya sayen hutu, mu kuwa abin da ya dace a tallafa shi ne gyaran ƙasa alhali ana nomanta: ramukan tassa da rabin-wata masu tara ruwan sama a fako, jera duwatsu a gicciyen gangara, layin gamba a iyakar gona, toshe bakin kwazazzabo tun yana ƙarami, da barin gawo a cikin gero. Irin wannan aiki ne shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, ya ce zai sa a gaba. Hutarwa ta dogon lokaci kuwa a keɓe ta ga wuraren da noma ya riga ya zama asara, kamar kan tudun yashi mai tafiya da gaɓar kwazazzabo.

Abin da ya faru a Maraɗi ya cancanci a duba shi da kyau, domin an gwada biya a can, an kuma ga iyakarsa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da yake aikin dashen itatuwa a yankin, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma suke sassabewa duk bazara ba ƙananan ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu take raye a ƙasa. Dabarar ita ce a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi a kowane kututture na sabara ko kalgo ko gawo, a datse sauran, a bar waɗannan su girma, abin da manoma suka sa wa suna sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa wannan da rabon abinci, duk wanda ya bar itatuwa a gonarsa ya karɓi hatsi, kuma da rabon ya ƙare manoma da yawa suka sare itatuwan, daidai yadda takwarorinsu na Amurka suka sa garma da wa'adi ya cika. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka ga iska ta daina binne musu shuka, suka sami itacen girki da abincin dabbobi da na sayarwa, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Abin da ya ƙara wa al'amarin ƙarfi shi ne sassaucin da aka samu a dokar daji, domin a da itace na gwamnati ne ko da a gonarka yake, ma'aikacin daji yana iya cin ka tara a kansa, don haka manomi ya fi son ya kashe shi tun yana toho. Da mutane suka tabbata cewa itacen da suka yi rainonsa nasu ne, an ƙiyasta cewa gonaki kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake samun itatuwa kusan miliyan 200, kuma mafi yawan waɗannan manoma ba a biya su ko dala ba.